Sunan Crowther: Ashe Ma'anarsa Mai Goge Ce

Duk ɗan Arewa da ya daɗe a Ikko ya saba jin sunayen Turawa a bakin 'yan gari, irin su Williams da Johnson da Crowther. Wani kuwa da ya ji irin wannan suna sai gabansa ya faɗi, ya ɗauka gidan sarauta ne daga Ingila. To, ga labarin ɗaya daga cikinsu.

A tsohon Turanci, Crowther na nufin mai kaɗa wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake gogawa da baka, wanda aka sani a Ingila da Wales tun da daɗewa. A taƙaice dai, mai goge ke nan. Turawan Ingila sun fara gadon sunan gida ne bayan shekarar 1066, kuma da yawa daga sana'a suka samo shi. Smith maƙeri ne, Taylor tela, Baker mai gasa burodi.

Yadda sunan ya zo Ikko kuwa, wani yaro Bayarabe ne mai suna Ajayi aka kama bawa a garin Osogun cikin 1821. Jiragen ruwan Ingila suka ƙwato shi cikin 1822, aka sauke shi a Saliyo. Da ya shiga addinin Kirista cikin 1825 sai ya ɗauki sunan wani limamin coci na Landan, Samuel Crowther. Cikin 1864 ya zama bishop na farko baƙar fata a cocin Angilika, ya yi aikin fassara Baibul zuwa Yarabanci, ya mutu a Ikko cikin 1891. Yau in an ambaci Crowther a Nijeriya, shi ake tunawa, ba limamin Landan ba.

Abin lura a nan shi ne, aikin mutum ke ɗaukaka suna. Amma sai ga wasu 'yan Arewa, in an ba su takarda a ofis ko makaranta, suna jin kunyar rubuta Maƙera ko Wanzam ko sunan ƙauyensu. Wannan kuskure ne babba. Tafawa Ɓalewa da Shagari sunayen garuruwa ne, kuma masu su sun mulki ƙasar nan.

Saboda haka kowa ya riƙe sunan ubansa da na garinsu, ya rubuta wa 'ya'yansa shi daidai, ya kuma tsare shi da gaskiya da riƙon amana. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.