Sharhi: Labarin da Aka Hana Shi Ƙarewa



A da, mai shirya fim tikiti yake so ka saya, ka zauna awa biyu, ka fita da cikakken labari. Manhajojin kallo da ake biya wata-wata kuwa lissafinsu daban ne. Babban tsoronsu shi ne wata ya ƙare ka daina biya. Wannan tsoro ya kai har ga alƙalamin marubuta.

Mu ɗauki kamfanin Disney na Amurka. A Nuwamban 2019 ya buɗe manhajar Disney+ da shirin The Mandalorian, reshen Star Wars, ana sakin kashi ɗaya duk mako don a riƙe mai kallo. Zango na biyu ya ƙare da rabuwar jarumin da ɗan yaro Grogu. Amma a wani shiri daban, The Book of Boba Fett, aka sake haɗa su. Wanda bai kalli wancan ba, sai ya tarar da su tare a zango na uku a 2023, bai san yadda aka yi ba.

Haka abin yake a finafinan Marvel, su ma na Disney. Wanda ya shiga sinima a 2022 don fim ɗin Doctor Strange na biyu ba zai gane abin da ya juya zuciyar tauraruwar labarin mai suna Wanda ba, sai ya kalli shirin WandaVision na 2021 mai kashi tara.

Masu kallo sun gaji. Fim ɗin The Marvels na 2023 ya fi duk finafinan jerin Marvel da suka gabace shi ƙarancin ciniki. Shugaban Disney na lokacin, Bob Iger, ya yarda cewa yawan shirye-shirye ya rage inganci, kuma a 2024 ya sanar da rage su.

Ko tatsuniya, daɗinta bai cika sai an kai ga ƙurunƙus. Labarin da aikinsa kawai ya tura ka zuwa wani labarin, talla ya zama.

Yanzu da Kannywood ta rungumi finafinai masu dogon zango, kiranmu ga marubutanmu shi ne: ku san ƙarshen labarinku tun kafin a kunna kyamara. Mai kallon da kuka gamsar da shi zai dawo da ƙafarsa.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.