Lissafin Ɗauko Mota Daga Ƙetare: Abin Da Ya Wajaba Falke Ya Sani Tun Bai Biya Ba

 Ku sani maganar da ta fi yawo a bakin masu cinikin mota a Kano da Katsina da Maraɗi cikin 'yan shekarun nan ita ce tsadar ɗauko mota daga ƙetare. Mutum ya kan ga mota a cikin waya, a ce masa ga kuɗinta a Amurka ko a Beljiyam, ya buga lissafi ya ga araha, ya tura kuɗi. Ba ya farga sai motar ta iso bakin teku, sa'an nan a jero masa waɗansu kuɗaɗe da bai taɓa jin sunansu ba. Daga nan sai cin bashi, ko sayar da gona, ko kuwa a bar motar ta yi ta kwana a tasha har kuɗin kwananta ya cinye ta. Abin da mu ke so mu tabbatar shi ne, kuɗin sayen mota a can waje kashi ɗaya ne kurum cikin kashi da yawa, kuma wanda ya biya na farko bai haɗa lissafin sauran ba, cinikin biri a sama ya yi.

Kakanninmu fatake da su ke zuwa Gwanja ɗauko goro ba su kan tsaya ga kuɗin goro a Salaga ba. Tun ayari bai tashi ba madugu ya san kuɗin fito a kogin Kwara, ya san garamar da za a ba sarakunan hanya, ya san abincin mutane da na jakuna, ya kuma ƙidaya kwanakin tafiya. Jirgin ruwa ya gaji jaki, amma hukuncin lissafin yana nan yadda ya ke.

Fasali na farko: daga wurin saye zuwa bakin teku

Yawancin tsofaffin motocin da a ke kawowa daga Amurka a wuraren gwanjo a ke sayensu, irin su Copart da IAA. Kuɗin da aka buga ƙararrawa a kansa ba shi kaɗai mai saye zai biya ba. Akwai la'adar masu gwanjo, wadda ta ke hawa bisa ga tsadar motar, akwai ta dillalin da ya tsaya maka, akwai kuma kuɗin ajiya in an wuce kwanakin da aka yanke ba a ɗauke ta ba. Sa'an nan a biya mai babbar mota ya kai ta tashar jiragen ruwa, kamar Baltimore ko Newark ko Savannah. Amurka ƙasa ce mai faɗi, motar da aka saya da araha a tsakiyar ƙasa ta kan ci rarar tata a hanya tun ba ta ga ruwa ba. Dokar Amurka kuma ta shar'anta a miƙa wa kwastansu takardar mallakar mota aƙalla awa 72 kafin a fita da ita, watau motar da takardarta ba ta cika ba tana nan zaune, kuɗin ajiya yana ta ƙirguwa.

Malamanmu na Malikiyya sun halatta sayen abin da ba ya nan bisa ga siffa, muddin siffar ta cika har ta kau da jahilci. Saboda haka ya kamata mai saye ya nemi lambar jikin motar, wadda a ke kira VIN, ya sa a bincika masa tarihinta: ko ta yi haɗari, ko ruwa ya taɓa cinye ta, ko tana tashi ko ba ta tashi. Wannan na ƙarshe yana shiga cikin lissafin jirgi, kamar yadda za mu gani.

Fasali na biyu: hayar jirgi da inshora

Hanya biyu ce a ke ɗauko mota ta ruwa. Ta farko ita ce jirgin da a ke tuƙa mota a shiga da ita cikinsa, a tuƙo ta a fito, wanda a ke kira roro. A Ikko irin waɗannan jirage sun fi sauka a tsibirin Tin Can. Hayarsa bisa ga girman mota a ke yanka ta, ƙaramar mota da jif da bas kowace da kuɗinta, kuma wadda ba ta tashi sai an ƙara kuɗin jan ta, wani jirgin ma ba ya karɓarta sam. Ta biyu ita ce kwantena. Babbar kwantena mai ƙafa 40 ta kan ɗauki mota uku ko huɗu in an iya shiryawa, sai masu motocin su raba haya. Tana tsare mota daga masu ɓalle madubi da fitila, amma tana da nata sharri, gama in takardun mota ɗaya sun sami tangarɗa, duk sauran sun tsaya tare da ita.

Game da inshora kuwa, da yawa su kan ga kamar asarar kuɗi ce, suna zaton in jirgi ya yi haɗari mai jirgi ne zai biya. Ba haka abin ya ke ba. Dokar Amurka ta 1936 ta iyakance abin da mai jirgi zai rama ga dala 500 a kan kowane ƙunshin kaya, sai fa in an bayyana ƙimar kayan a takardar lodi. Haɗarin kuma ba tatsuniya ba ne. Cikin watan Yuli 2023 wuta ta kama jirgin Grande Costa d'Avorio a tashar Newark yana cikin lodin tsofaffin motoci zuwa Afirka ta Yamma, har 'yan kwana-kwana biyu suka rasu. A 2022 kuma jirgin Felicity Ace ya ƙone ya nutse a tekun Atlantika da motoci wajen 4,000. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar da aka saba ba, ya tambayi masu takaful, gama tun 2013 hukumar inshora ta Nijeriya ta fitar da ƙa'idodinsa.

Fasali na uku: kuɗin fito

A nan ne lissafin mutane ya fi rushewa. Kwastan ba a kan kuɗin saye kaɗai su ke yanka haraji ba. A kan haɗa kuɗin mota da hayar jirgi da inshora su zama jimla ɗaya, a kan wannan jimla a ke cire kashi. Ma'ana, hayar jirgi ita ma ana biya mata haraji. Kuma tun 2022 kwastan na Nijeriya suka koma yanka wa mota ƙima da lambar jikinta, ba da rasit ɗin da mai kaya ya nuna ba. Da aka fara wannan cikin Fabrairu na shekarar, wakilai masu fitar da kaya sun yi yajin aiki a Ikko har aka dakatar da shi, aka yi gyara, aka maido shi cikin Mayu. Saboda haka wanda ya yi sa'ar gwanjo kada ya zaci sa'arsa za ta bi shi har teburin kwastan.

Ga misali domin a gane, bisa tsarin da aka kafa cikin Afrilu 2022. A ɗauka an sayi mota dala 8,000, jirgi da inshora sun ci 2,000, jimla 10,000. Harajin fito kashi 20 cikin ɗari, dala 2,000 ke nan. Harajin motoci kashi 15, dala 1,500. Ƙarin kashi 7 na harajin fito, dala 140. Rabin kashi ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, dala 50. Kashi ɗaya na duba kaya a kan kuɗin saye, dala 80. Sa'an nan a tara waɗannan duka tare da jimlar farko a cire harajin VAT kashi 7.5, dala 1,033. In ka haɗa sai ka sami wajen dala 4,800, watau kusan nusufin ƙimar motar. Bisa wannan ƙa'ida, duk dala 100 da ta ƙaru a hayar jirgi tana jawo wata dala 47 a wurin kwastan.

Fasali na huɗu: abu biyu da ba su a hannun falke a Nijeriya

Na farko canjin kuɗi. Da dala a ke ƙimanta mota, da naira a ke biya, bisa canjin da hukuma ta tsayar, wanda ba lalle ya zama na ranar da ka saya ba. A farkon Yuni 2023 kwastan suna lissafin dala ɗaya naira 422. Da gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata kuɗi, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 lissafin ya haura 1,500. Ku duba misalinmu na ɗazu: dala 4,800 a canjin farko naira miliyan 2 ne da 'yan kai, a na biyu kuwa miliyan 7 da dubu 200. Mota ɗaya, haraji ɗaya, ba a ƙara ko kashi ɗaya ba, amma kuɗin ya ninka fiye da sau uku cikin wata tara. Tun da ya ke daga gwanjo zuwa fitowa daga tasha a kan yi wata biyu ko uku, wanda ya ajiye kuɗin fito daidai wa daida ran da ya saya, ya jingina dukiyarsa ga abin da ba ya da iko a kai.

Na biyu sauyin doka. A ran 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, cinikin 'yar Kwatano da aka saba ya koma na fasa-ƙwauri. Cikin 2025 kaɗai an ɗora harajin kashi 4 a kan kuɗin sayen kaya a watan Fabrairu, aka dakatar, aka maido shi a Agusta, aka sake dakatarwa a Satumba. Domin haka kasonnin da muka kawo a sama na koyon hanyar lissafi ne, wajibi ne mai saye ya nemi tsarin da ke aiki a ranar da zai tura kuɗi, a rubuce, daga wakili mai lasisi.

Fasali na biyar: halin 'yan'uwanmu na Nijar

Su nasu ciwon dabam ne. Sefa a ɗaure ta ke da yuro, yuro ɗaya sefa 656 ba ta motsi, saboda haka Bamaraɗen da ya sayi mota a Antwerp ta Beljiyam ba ya fargabar canji kamar Bakano. Amma Nijar ba ta da teku, ta ƙofar maƙwabci ta ke shiga. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville, hanyar Kwatano ta toshe. Ko da ECOWAS ta ɗage takunkumi cikin Fabrairu 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso, su jira rakiyar soja kafin su isa Yamai, balle Maraɗi da Damagaram da ke can gabas. Abin da dala ta ci wa Bakano, kwanakin hanya suka ci wa Bamaraɗe.

Fasali na shida: kuɗin kwana, da wakili, da hanyar Arewa

Ban da kwastan, kamfanin jirgi yana da nasa kuɗi, masu tasha suna da nasu. 'Yan kwanaki kaɗan a ke bayarwa kyauta, daga nan sai kuɗin kwana, kuma ba a tsaye ya ke ba, yana ƙaruwa ne gwargwadon daɗewa. Motar da ta wuce wa'adi hukuma tana da ikon ƙwace ta ta yi gwanjonta. Wannan shi ya sa rashin kuɗin fito a hannu ya fi tsadar jirgi cutarwa.

Wakili kuwa, wanda 'yan kasuwa ke kira ejan, a ji tsoron wanda kuɗinsa ya gaza na kowa da nisa. Galibi ƙimar motar ya ke ragewa a takarda, a fito da ita lafiya, sai wata rana a tare ta a hanya, a ga ba a biya cikakken fito ba, a kama. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Araha ba ta ado.

Bayan duk wannan akwai tafiyar wajen kilomita 1,000 daga Ikko zuwa Kano, ko a kan tirela ko a ba direba ya tuƙo. Tun da aka janye tallafin fetur a ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 nan take, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Sa'an nan ga gyara, ga taya da batir, ga kuɗin lamba.

Nasiha

Wanda ya yi niyya, ya ɗauki takarda ya ja layi bakwai: saye da la'ada, kaiwa bakin teku, jirgi da inshora, kuɗin fito, kuɗin tasha da wakili, hanyar gida, gyara da lamba. Kowane layi ya cika shi da adadin da wanda zai karɓi kuɗin ya faɗa da bakinsa. Ya tara, ya ɗora humusi a kai saboda canji da jinkiri, in ya ƙuntata ƙwarai kada ya gaza ushiri. Kuɗin fito ya kasance yana hannu tun jirgi bai taso ba. Sa'an nan ya gwada jimlar da kuɗin irin wannan mota a wurin dillalan gari, wadda zai gani da idonsa, ya duba takardunta, ya tuƙa ta. In ratar ba ta taka kara ta karya ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ke tsakaninka da wakili kuma a rubuta shi, da shaidu: ladansa nawa, me ya shiga ciki, wa zai ɗauki kuɗin kwana in jinkirin daga gare shi ne, da alkawarin zai miƙa maka takardun kwastan na asali. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, bai kamata almajiri ya zama shi ne mai tura miliyoyi da baki kurum ba. Wanda lissafinsa bai cika ba sai da bashin ruwa, ya haƙura tukuna, gama motar da ta shigo da riba ta fara cin mai ita tun ba ta sha mai ba.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya tsare dukiyar jama'a a ruwa da tudu. Haza wassalam.