Kakata Da Ake Kira 'Yar Ci-rani

 

Ya 'yan'uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau shi ne wata kalma da na ji a ajina na Islamiyya, inda wani yaro ya yi wa ɗan'uwansa gori da cewa shi ai ɗan Nijar ne. Na tsawatar masa, amma kalmar ta biyo ni har gida, domin ita ce kalmar da aka yi kusan shekara hamsin ana jifar kakata da ita, wato mahaifiyar mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta.

Iya, kamar yadda muke kiranta, ta baro ƙasar Damargu ne a farin 1973 zuwa 1974, bayan dabbobin kakanmu sun mutu ƙarƙaf. Da ƙafa suka shigo, ita da shi da 'ya'ya biyu, har suka yada zango a wani ƙauye na bakin kogin Watari, a ƙasar Bagwai. Ta fara da aikatau a gidajen mutane, surfe da daka da ɗiban ruwa. Daga baya wata maƙwabciya ta ranta mata tiya biyu ta gyaɗa, ta soma ƙuli-ƙuli da mai. Ba ta ko gama tsayawa da ƙafarta ba cutar gyaɗa ta 1975 ta cinye gonaki, gyaɗa ta yi tsada, sai ta koma ɗanwake. Da aka gama madatsar ruwa ta Watari, noman rani ya kankama, ita ce ke ciyar da 'yan ƙwadago, tana kuma sayen tumatir idan ya yi araha ta yi kauɗa, a kai mata kasuwar Bichi. Duk wannan daga cikin gida, ba ta taɓa zama a rumfa ba.

Ba ta iya karatu ba sai gajerun surori na sallah. Littafin bashinta bangon ɗakinta ne, kowane mai bashi da layinsa na gawayi, kuma na sha ganin ta da idona, idan azumi ya kama, tana goge layin marayu da zawarawa da jiƙaƙƙen tsumma ba tare da ta aika musu ba. Na karanta babin ciniki a gaban malamai da kuma a jami'a, amma Suratul Muɗaffifina a hannunta na fara fahimtarta, domin mudun da take saye da shi, da shi take sayarwa. Ba zan ɓoye laifinta ba: talla ta ɗora wa mahaifiyata, ta hana ta makaranta, kuma ta yi nadamar hakan a ƙarshen rayuwarta. Wataƙila shi ya sa ta biya mini kuɗin jarrabawa da ribar kauɗa.

To, ga abin da ke damuna. Mutanen da suka ci bashinta, suka aurar da 'ya'yansu da rancenta, su ne idan magana ta haɗa su sai su ce ai 'yar ci-rani ce. An hana kawuna auren wata yarinya saboda wannan kaɗai. Ina ganin wannan ragowar jahiliyya ce, kuma mu malamai muna da laifi, domin muna karantar da tarihin hijira kamar labari ne da ya ƙare a Madina. Muna ba yara labarin yadda Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi wa Abdurrahman ɗan Aufu tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai, sannan mu fito mu raina wadda ta yi irin abin da Abdurrahman ya yi. Shi kansa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi a 1754, garin da ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Iyakar da muke tinƙaho da ita Ingila da Faransa ne suka shata ta, ba da shawarar kowa daga cikinmu ba.

Na san za a ce baƙi na shigowa da matsala. Mai laifi a hukunta shi da laifinsa, amma garin da aka haifi mutum ba laifi ba ne a shari'a.

Da aka rufe iyaka a 1984, mahaifiyar Iya ta rasu a can, labari bai iso mata ba sai bayan watanni. Tun daga nan, duk matafiyin da ya tsaya a ƙofar gidanmu, sai an miƙa masa ƙwaryar fura kafin a tambaye shi daga ina yake. Yanzu mahaifiyata ce ke riƙe da ƙwaryar. Allah Ya kai haske kabarin Iya, amin.