Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa

Ranka ya daɗe,

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Amma a makarantu da dama, ajin share fage yana hannun malamin da bai taɓa samun horo a kansa ba. Za ka tarar da 'yan shekara biyar zube a tabarma, ana ɗura musu hadda da bulala.

Masu horar da malamai daga jami'a suke fitowa, kuma amanar jami'o'i a wuyanku take. Muna roƙo ku ƙarfafa digiri na biyu da na uku a fannin renon ƙananan yara, a zurfafa bincike kan koyarwa da harshen uwa, a nemo wa masu karatun tallafin TETFund.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku taimaki 'ya'yanmu.

Taku,
Malamar firamare