Rolar keke: Abin da ya kamata masu waldar Kano su fara ƙerawa

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke daga Mandawari zuwa Kasuwar Kurmi da hantsi ya san kokawa ya yi, ba motsa jiki ba. A Daidaita Sahu a gaba, mai kurar ruwa a gefe, ga yara na tsallaka titi ba sallama. Kafin ya isa, birki ya fi feda shan aiki.

Ba yau abin ya fara ba. Lungunan cikin Badala tun asali don ƙafa da jaki da doki aka yi su. Tun da aka hana acaba a watan Janairun 2013, babura masu ƙafa uku suka gaji manyan tituna, kuma ba su bar wa mai keke ko taku ɗaya ba. Sai kuma ga cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, wanda ya ɗaga litar fetur daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Kekunan da suka shekara jingine a soro aka kakkaɓe su aka kai wa mai gyara.

Wato keke yana nan a gidaje. Wurin tuƙa shi na rabin awa ba tsayawa, har gumi ya keto, shi ne babu. A nan ne wata na'ura mai sauƙi, wadda masu tseren keke na duniya suka haura shekara ɗari suna amfani da ita, ta dace da cikin birnin Kano fiye da kayan motsa jiki masu tsada da ake tallatawa a waya. Sunanta rola.

Yadda take

Firam ne na ƙarfe a kwance a ƙasa, ɗauke da bututu uku masu juyawa. Biyu suna baya kusa da juna, tayar baya tana zama a tsakaninsu. Ɗaya yana gaba, tayar gaba a kansa. Akwai bel da ya haɗa bututun tsakiya da na gaba, saboda idan aka taka feda tayoyin biyu su juya tare.

Ba a ɗaure keken da komai. Ɗora shi ake yi a hau, kuma mai tuƙi ne ke riƙe daidaitonsa kamar a kan titi, sai dai titin nan faɗinsa bai kai rabin mita ba. Ba ta buƙatar wuta, ba batir, ba data. Idan an gama a jingine ta a bango.

Rashin ɗaurin nan shi ne babban dalilin da ya sa ta fi sauran dacewa da gidan Bakano. Akwai na'urar da ke damƙe cibiyar tayar baya, amma don kekunan zamani aka ƙera yawancinta, masu sandar da ake zarewa da hannu. Tsohon keke mai noti ba lallai ya zauna a cikinta ba. Akwai kuma mai tsadar gaske, wadda ake cire tayar baya gaba ɗaya a ɗora sarƙa a kan giyarta. Ita sai giyar keken ta yi daidai da tata, kuma yawancinsu sai da lantarki. Keken motsa jiki na girke, irin na gidajen jim, shi kuma sabon kaya ne dungurungum za a saya, ya tare rabin ɗaki, ba ya kai kowa kasuwa.

Rola ba ruwanta da duk wannan. Taya kawai ta sani.

Gida ɗaya, keke huɗu

A ɗauki babban gida a Yakasai ko Gwale. Ba abin mamaki ba ne a tarar da Phoenix ko Raleigh na maigida, da keken hawa tudu na hannu da wani saurayi ya sayo, da keken mata mara sandar tsakiya, da ƙaramin keken ɗan firamare. Dukkansu suna iya hawa rola ɗaya, amma kowanne da sharaɗinsa.

Abu na farko shi ne tazarar da ke tsakanin cibiyar tayar gaba da ta baya. Ta keken tsere tana kusa da mita ɗaya. Ta keken hawa tudu da ta manyan kekunan da, masu taya inci 28, takan haura santimita 110. Ƙa'idar ita ce bututun gaba ya zauna daidai ƙarƙashin cibiyar tayar gaba, ko ya ɗan gota gaba da kamar santimita ɗaya. Idan ya yi baya, keken zai riƙa neman zamewa gaba. Idan ya yi gaba da yawa, kan keken ya yi nauyi, ya ƙi jin magana. Shi ya sa ake huda ramuka a jere a jikin firam, a riƙa matsar da bututun. Duk sanda aka sauya keke sai an sake wannan awon, kuma sai an duba bel, don matsar da bututu yana ƙara masa tauri ko ya sassauta shi.

Na biyu taya ce. Tayar keken hawa tudu mai haƙora tana da amfani a turɓaya, amma a kan bututu sai ƙugi da girgiza, har makwabci ta bayan katanga ya ɗauka injin markaɗe aka kunna. Maganinta a sa taya mai santsi. Tayar Phoenix ba ta da wannan matsalar sosai. Tasa matsalar daban ce: giya ɗaya gare shi, don haka mai shi ba zai iya ƙara wa kansa nauyi ta hanyar sauya giya ba, sai dai ya ƙara saurin ƙafa. Rage iskar taya kaɗan ma yana ƙara nauyin tuƙi, amma yana cin taya.

Na uku, rola ba ta rufa wa keke asiri. Garen da ya ɗan lanƙwasa saboda ramukan titi, wanda mai shi bai taɓa lura ba, a kan bututu zai riƙa tsalle a kowane zagaye. Kafin a hau, sai an kai wa mai gyara ya ɗaure waya ya miƙar da shi. Wannan ba asara ba ce. Keken ne ya samu gyaran da dama yake bin bashi.

Keken yara shi ya fi wuyar sha'ani, domin gajere ne kuma ƙaramar tayarsa tana nutsewa tsakanin bututun baya. Sai an yi ramuka na musamman da bel gajere, kuma ba a barin yaro a kai shi kaɗai.

Su wa za ta amfana

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawararta ta 2020, ta ce babban mutum yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Likitoci suna maimaita wa masu ciwon suga da hawan jini wannan magana kullum. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a ina. Ɗan kasuwar da ke zaune a shago daga safe zuwa magariba yana iya hawa Dala ko Goron Dutse ranar da babu kasuwa, amma kwana ɗaya a mako bai cika lissafi ba.

Matan aure na cikin birni su ne suka fi kowa rasa wuri. Yarinya tana tuƙa keke a lungu har ta fara girma, daga nan shi ke nan. Ko ba kulle, matar aure a kan keke a titin Ƙofar Na'isa abin kallo ce, kuma ba kowace ce za ta iya biyan kuɗin jim na mata a Nasarawa ba, balle kuɗin motar zuwa da dawowa. Ana iya yin muhawara a kan wannan al'ada har gobe, amma sugan da ke hawa a jini ba zai jira a gama muhawarar ba. Rola a tsakar gida tana ba ta minti talatin ɗinta ba tare da ta nemi izinin fita ba. Keken da ke da murfin sarƙa ya fi, don zani ko doguwar riga ba sa shiri da sarƙa a buɗe.

Ga kuma yanayi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo da ƙurar hunturu suna hana mai asma sakat, kuma tuƙi a bayan hayaƙin A Daidaita Sahu ƙari ne a kan ƙari. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40. Da damina kuwa lungunan da ke kusa da Jakara kowa ya san halinsu.

Inda gizo ke saƙa

Ana faɗuwa daga kan rola, musamman a kwanakin farko. Duk mai sayarwar da ya ce ba haka ba, ciniki yake nema. Sai dai faɗuwar ta gefe ce. Mutum ba ya yin tsalle gaba ya daki bango kamar yadda ake zato, tun da jikinsa ba tafiya yake ba, tayoyi ne kawai ke juyawa.

Dabarar koyo tsohuwa ce: a ajiye rolar a bakin ƙofa, yadda kafaɗa za ta samu abin jingina hagu da dama. Ƙofar soro ta dace da wannan kamar don shi aka gina ta. A kalli gaba, ba tayar gaba ba. A sassauta riƙon kan keke. A ƙara sauri, domin a hankali ne keke ya fi tangal-tangal. Kuma kada a damƙe birki, a bar tayoyi su tsaya da kansu sannan a dafa bango.

Duk da haka, dattijo mai jiri ko mai ciwon gwiwa bai kamata a ce ya koyi wannan ba. Shi akwai hanya: a cire tayar gaba, a ɗaure ƙahon keken a kan wani ƙarfe mai ƙafafu, tayar baya kaɗai ke juyawa a kan bututu. Keken ya tsaya cak, ba faɗuwa. Wanda ke shan maganin zuciya ko na hawan jini kuwa ya fara jin ta bakin likitansa.

Zafi shi ne haɗarin da aka fi rainawa. A kan titi iska ce ke busar da gumi. A ɗaki babu ita, don haka jiki yana ɗumama da sauri fiye da yadda aka saba. A watan Afrilu, hawa rola a rufaffen ɗaki mai rufin kwano da rana tsaka ganganci ne. Bayan asuba, a tsakar gida ko soro mai iska, da ruwan sha a kusa da fanka mai caji idan akwai. Gumin ma gishiri ne, yana cin ƙarfe, sai an goge keke bayan an sauka.

Wani zai ce wannan duk gudun matsala ne, kamata ya yi gwamnati ta ware wa keke hanya a tituna. Gaskiya ne, kuma rola ba za ta kai yaro makaranta ba. Amma ko an shata layin keke a titin BUK gobe, ba zai shiga lungun Soron Ɗinki ba, ba kuma zai fito da matar aure kan titi ba.

Me ya sa sai an shigo da ita?

Rolar waje tana da tsada idan aka haɗa da kuɗin dala da na dako, kuma da yawa don keken tsere aka auna su, firam ɗinsu bai kai tsawon Phoenix ba. Alhali kayan haɗinta ba su wuce ƙarfen firam, bututu uku, boris shida, noti da bel ba. Babu wanda ba a samu a Kasuwar Ƙofar Ruwa. Garin da ya taɓa samun masana'antar kekunan Raleigh, wanda masu waldarsa ke ƙera ƙofofi da injinan niƙa da kurar ruwa, bai kamata wannan ya gagare shi ba.

Wuri ɗaya ne ba ya son ha'inci: bututun dole ya zama zagayayye sosai, kuma boris ya zauna a tsakiyarsa daidai. Idan ya kauce ko da kaɗan ne, keken zai yi ta rawa. Wannan aikin masu injin fere ƙarfe ne, ba na guduma da ido ba. Kaurin bututun ma yana da ma'ana, domin siriri ya fi nauyin tuƙi, mai kauri ya fi sauƙi. Ga mai koyo da keke mai giya ɗaya, mai kaurin kamar inci huɗu ya fi. Kwalejojin fasaha na jihar suna da injinan da ɗaliban da za su iya fitar da samfuri ɗaya mai kyau, masu walda su kwaikwaya.

Masu tsere ma suna da rabo a ciki. A gasar Olamfik ta Faris a 2024, Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke, kuma sai da tawagar Jamus ta ara mata keken da ta shiga tseren cikin fili da shi. A shekarar ce Biniam Girmay na Eritiriya ya lashe koriyar riga a Tour de France, sannan a Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar tseren keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Filin tseren keke na Abuja, wanda aka gina don wasannin Afirka na 2003, yana da nisan fiye da kilomita 400 daga Kano. Saurayin Dala mai ƙafa ba zai je can atisaye ba. Amma abin da 'yan tseren fili ke ɗumama jiki a kai kafin a kira su, a Faris ko a Abuja, rola ce, kuma ita ce ke koya wa ƙafa juyi mai santsi da riƙe layi ba karkata. Guda biyar a wani ɗaki na filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ba za su girgiza kasafin hukumar wasanni ba.

Mai waldar da zai fara gwadawa, kada ya kwafi awon da ya gani a intanet. Ya ɗauki tef ya je wurin mai gyaran keke na unguwarsu, ya auna kekuna goma da ke jiran gyara, daga na ɗan firamare har zuwa Phoenix mafi tsawo, sannan ya huda ramukan firam ɗinsa a kan wannan awon. Ya kuma haɗa da ƙarfen dafawa a gefe ɗaya, mai tsayin ƙugu, wanda ake iya cirewa idan hannu ya faɗa.