Victorien Adebayor: Shin ya dace Katsina United ta nemi ɗan wasan gaba ta ƙofar Jibia?

Duk lokacin da kakar gasar ƙwallon ƙafa ta NPFL ta ƙare, idon shugabannin ƙungiyoyin Arewa yakan koma Kudu. A can ake neman mai cin ƙwallo, a can ake zuba kuɗin sa hannu, kuma sau da yawa ɗan wasan da aka ɗauko yakan tattara kayansa bayan kaka ɗaya. Ba kasafai ake waiwayar makwabta ba, alhali daga birnin Katsina zuwa Maraɗi ta kan iyakar Jibia tafiya ce da ba ta kai kilomita ɗari ba. Idan Katsina United za ta gwada wannan hanya, sunan da ya kamata ta fara ɗorawa a kan ma'auni shi ne Victorien Adebayor, ɗan wasan gaban Mena, tawagar Jamhuriyar Nijar.

An haifi Adebayor a watan Nuwamban 1996. Sunansa ya fito fili a Ghana, inda ya ci wa Inter Allies ƙwallo 12 a kakar 2019/2020 kafin annobar korona ta sa a soke gasar. Daga nan ya tafi HB Køge ta Denmark, ya yi zaman aro a wasu ƙungiyoyi, sannan ya dawo gida ya buga wa USGN, ƙungiyar jandarmomin Nijar. Da ita ya yi kakar da ta fi kowace haske a rayuwarsa: a gasar Kofin Confederation ta CAF ta 2021/2022 ya ci ƙwallo shida, ya zama kan gaba a cin ƙwallo, duk da cewa USGN ba ta tsallake matakin rukuni ba. A rukunin nan akwai Simba ta Tanzaniya da ASEC ta Kwaddebuwa da RS Berkane ta Maroko, wadda daga ƙarshe ta ɗauki kofin, kuma ta saye shi a 2022. Ya kuma zarce Moussa Maâzou a yawan ƙwallayen da aka ci wa Mena.

Wannan tarihi yana nuna abu biyu. Na farko, mutumin ya san raga, kuma ya ci ƙwallo a filaye da yanayi irin namu: zafi, doguwar tafiya a mota, masu tsaron baya da ba sa jin kunyar ƙafa. Na biyu kuwa shi ne abin damuwa. Duk inda aka gina ƙungiya a kansa, kamar Inter Allies da USGN, ya yi fice. Inda kuwa ya tarar da gasa mai tsanani kan gurbi, kamar Denmark da Berkane da AmaZulu ta Afirka ta Kudu, bai kafa ƙafa ba, bai kuma daɗe ba. Saboda haka tambayar da ke gaban masu horar da Katsina United ita ce ko a shirye suke su miƙa masa ragamar gaba, su tsara wasansu a kansa. Idan benci za a ajiye shi ana sako shi minti ashirin na ƙarshe, asarar kuɗi ce. Ga kuma shekaru: ɗan wasan da ya kai bakin talatin ana sayensa ne don amfanin yau, ba don a sayar da shi gobe a ci riba ba.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi na fili nauyi. Sefa tana ɗaure da yuro a kan farashi tsayayye, sefa 655.957 kan yuro ɗaya. Naira kuwa, tun da gwamnatin Tinubu ta sake ta ga kasuwa a Yunin 2023, ta faɗi daga wajen 460 kan dala ɗaya zuwa sama da 1,500 a 2024. 'Yan canji a Jibia sun fi kowa sanin ma'anar hakan: jakar sefa da a da ba ta kai naira dubu ba, ta haura naira dubu biyu. A misali, ɗan wasan da ke karɓar sefa 500,000 a wata a Yamai, sai an ba shi fiye da naira miliyan ɗaya kafin ya ce bai ci baya ba. Zamanin da albashin Najeriya ke jan ɗan Nijar da kansa ya wuce.

Akwai wani tarko da ƙungiyoyin gwamnati ba sa so a ambata. Dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar soke kwantiraginsa idan aka riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba da wa'adin kwana 15 a rubuce. Ɗan gida yakan haƙura, ko ya yi ta safa da marwa a ofisoshi. Baƙo kuwa yana da damar kai ƙara kotun wasanni ta FIFA kai tsaye, kuma hukuncinta yakan kai ga hana ƙungiya rajistar sababbin 'yan wasa. Katsina United mallakar gwamnatin jiha ce, kuɗinta daga baitulmalin jama'a yake fitowa. Duk wanda zai sa hannu a irin wannan yarjejeniya, ya tabbata kuɗin suna ajiye kafin alƙalami ya taɓa takarda.

Siyasa ma ba ta bar ƙwallo ta huta ba. An rufe iyakar Jibia a Agustan 2019 zamanin Buhari, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022. An sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, har zuwa Maris 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata, ko da yake ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta 'yancin zirga-zirgar 'yan ƙasar zuwa wani lokaci. Takardar sauya sheƙa dai ta na'urar FIFA take bi tsakanin hukumar FENIFOOT da NFF, ba ruwanta da shingen kwastan. Amma izinin zama da na aiki, da zuwan iyali, da komawa gida idan Mena ta kira, duk sun dogara ga yanayin dangantakar Abuja da Yamai. Ƙari a kan haka, da yawa daga manyan ƙungiyoyin Nijar, irin su AS FAN da AS GNN da USGN, na rundunonin tsaro ne. Ciniki da su ba ya rasa ƙamshin diflomasiyya.

Duk da haka, raina ƙwallon Nijar kuskure ne. 'Yan wasanta na cikin gida sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN da aka buga a Aljeriya a farkon 2023, bayan sun doke Ghana da ci 2-0. A Nuwamban 2024 Mena ta lallasa Sudan 4-0, ta kuma bi Ghana har Accra ta ci ta 2-1. A neman gurbin Kofin Duniya na 2026 ta ƙare ta biyu a rukuninta, bayan Maroko. Katsina United, wadda ta faɗa gasar ƙasa a 2022 ta dawo a 2023, ba ta da dalilin ɗaga kai ga irin waɗannan 'yan wasa.

To, a ɗauke shi ko a bari? Idan za a same shi ba tare da kuɗin saye mai nauyi ba, a kan kwantiragin shekara ɗaya da zaɓin ƙari, bayan gwajin lafiya na gaskiya, albashi matsakaici da lada mai tsoka kan kowace ƙwallo, to cinikin ya yi. Sunansa kaɗai zai iya jawo 'yan kallo daga Maraɗi da Ɗan Isa zuwa filin Muhammadu Dikko. Idan kuwa sai an yi kwantiragin shekara uku da kuɗin waje, gara a haƙura.

Ko an ɗauke shi ko ba a ɗauke shi ba, kuɗin da zai riƙe tauraro ɗaya zai iya ɗaukar nauyin mai sa ido da zai riƙa kallon wasannin Ɗan Kasawa da Jangorzo a Maraɗi, inda har yau ake kiran basaraken garin Sarkin Katsina. Yaro ɗan shekara 19 daga can ba ya buƙatar tafinta a ɗakin sauya kaya, kuma shi ne ake iya sayarwa nan gaba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa ta Jibia zai rage wahalar wannan tafiya. Ya rage ga matasan Katsina su tambayi masu riƙe da ƙungiyar jiharsu nawa aka ware wa cinikin 'yan wasa, wa ya zaɓo su, kuma da wane ma'auni.