Minti ɗaya na Sani Kaita, da abin da muke koya wa yaranmu

Yau ba maganar albashi ko tsadar mai zan yi ba, maganar ƙwallo ce, amma ku daure ku karanta har ƙarshe.

Sati biyu ke nan ɗan ƙanwata da ke zaune wurina a nan GRA ya daina zuwa tirenin. Yaro ɗan shekara 14 da ko abinci sai an kira shi daga fili. Na tsare shi na ce, "Kai, me ya faru?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, jan kati aka ba ni a wasan unguwa, aka ci mu. Yanzu duk inda na bi sai a ce ga Kaita nan."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ba a haifi yaran nan ba lokacin da abin ya faru. A bakin wa suka ji? A bakinmu. Kuma ni kaina ina cikin waɗanda suka zagi bawan Allahn nan a gidan kallo ranar.

Ga waɗanda ba su sani ba: ranar 17 ga Yuni, 2010, Najeriya ta kara da Girka a Bloemfontein, a Kofin Duniya na Afirka ta Kudu. Kalu Uche ya ci mana ƙwallo da bugun tazara, muna gaba da ci ɗaya. A minti na 33, ƙwallo ta riga ta fita waje, Sani Kaita ya kai wa Torosidis ƙafa. Alƙalin wasa ya ɗaga masa jan kati. Girka ta farke kafin hutun rabin lokaci, sannan shi dai Torosidis ɗin ya ci ta biyu. Nasararsu ta farko ke nan a tarihin Kofin Duniya, a kanmu.

Ba zan ce bai yi laifi ba. Ya yi, kuma babba. Ƙwararren ɗan wasa da aka ɗora wa amanar ƙasa bai kamata zuciya ta ɗebe shi haka ba. Shi ma ya fito ya nemi gafarar 'yan Najeriya. Amma me muka mayar masa? Har barazanar kisa aka riƙa aika masa, kafofin yaɗa labarai na duniya suka ɗauka. Kamar mun manta cewa a 1994 an harbe Andrés Escobar na Kolombiya a Medellín, 'yan kwanaki bayan ya ci gida a wasansu da Amurka.

To wane ne Kaita kafin wannan mintin? Haifaffen Kano ne, da sunan garinmu na nan jihar Katsina a jikin sunansa. Daga Kano Pillars ya taso. Yana tsakiyar fili a tawagar Samson Siasia ta 'yan ƙasa da shekara 20 da ta je wasan ƙarshe a Holan a 2005, inda Messi ya ci mu da fenareti biyu. Yana cikin waɗanda suka ciyo mana lambar azurfa a Olamfik ta Beijing a 2008. Ya buga wa Sparta Rotterdam, Monaco ta Faransa ta saye shi, ya taka leda a Rasha. Aikinsa shi ne tare gida da ƙwace ƙwallo, aikin da ba a cika yi wa tafi ba. 'Yan Arewa nawa ne suka kai nan a zamaninsa? Ku lissafa, yatsun hannu sun ishe ku. Amma yau ka tambayi yaro wane ne Kaita, ba abin da ya sani sai jan kati.

Kuma mu faɗi gaskiya, shi kaɗai ya fitar da mu? Ajantina ta ci mu 1-0 yana cikin fili. Wasan Koriya ta Kudu ba ya nan, Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga ba gola, aka tashi 2-2. Maki ɗaya tak muka samu. Har Shugaba Jonathan ya dakatar da tawagar na shekara biyu, kafin ya janye da FIFA ta yi barazana. Gini ne da ya daɗe da tsagewa, sai muka kama wanda ya jingina da shi a ƙarshe.

Ku dubi wasu a wannan gasar dai. Óscar Cardozo na Paraguay shi ya buga fenaretin ƙarshe da ya fitar da Japan, ƙasarsa ta kai kwata fainal karon farko a tarihi. Wasa na gaba da Sifaniya aka ba su fenareti ana babu ci, ya buga, Casillas ya kama. David Villa ya ci su, Cardozo ya fita fili yana kuka. Ƙarshensa ke nan? Ina! Ya koma Benfica ya ci gaba da zura ƙwallaye, har ya zama baƙon da ya fi kowa ci wa kulob ɗin ƙwallo, ya ci gaba da buga wa ƙasarsa, ya dawo gida Libertad yana wasa har ya haura shekara 40. Asamoah Gyan ya ɓarar da fenaretin da zai kai Gana wasan kusa da na ƙarshe, amma shi ne ya fi kowa ci wa Gana ƙwallo, guda 51. Beckham ma jan kati ya samu a 1998, Ingila ta tsane shi, bayan shekara biyu aka ba shi kyaftin.

Kaita kuwa daga nan tauraronsa ya dushe. Ban ce zaginmu kaɗai ya jawo ba, ƙwallo tana da rauni da rashin sa'a. Amma tabbas ba mu taimaka ba.

Na ga irin wannan a wurin aiki. Ma'aikaci ya shekara ashirin bai taɓa ɓatar da fayil ba, ya yi kuskure ɗaya, shi ke nan sunansa ya koma sunan kuskuren. Sakamakon? Kowa ya koyi kada ya taɓa komai don kada ya yi laifi. Hausawa suka ce ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa kuskure wurin mai aiki.

Roƙona biyu ne. Masu horar da yara a filayen unguwanni, ku koya musu riƙe zuciya kamar yadda kuke koya musu fasin, ku hukunta wanda ya yi laifi, amma ku dawo da shi fili. Masu ruwa da tsaki a wasannin jihar nan kuma, me zai hana a gayyato Kaita filin wasa na Muhammadu Dikko ya zauna da yara? Ba wanda ya san tsadar minti ɗaya na fushi kamarsa.

Jiya na nuna wa yaron wasan ƙarshe na 2005 a waya. Ya kalla shiru, ya ce, "Kawu, ashe ya iya?" Na ce sosai ma. Yau da la'asar na ga ya ɗauko takalminsa daga ƙarƙashin gado.

Malam Sani, idan wannan ya iske ka, ka yafe mini nawa zagin. Allah ya sa mu dace.